RUWA YA TAFI, GISHIRI YA ZAUNA: Daidaita Ruwa a Akwatin Kifin Teku

Duk wanda ya shiga Babbar Kasuwar Kaduna, wadda aka sanya wa sunan Sheikh Abubakar Gumi, zai iya cin karo da wasu kaya biyu da ba a cika ɗauka da muhimmanci ba. Na farko shi ne ƙwallon roba mai sanda da masu kayan famfo ke sayarwa domin tankin ruwa. Na biyu kuwa shi ne mazubin ruwan kaji, irin wanda ake kifawa a kan faranti. Waɗannan kaya masu araha suna ɗauke da maganin wata matsala da ke damun masu kiwon kifin teku a akwatin gilashi a ko'ina cikin duniya.

Mece ce matsalar?

A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35. Idan aka zuba irin wannan ruwa a akwatin gilashi, kullum wani ɓangarensa na zama tururi ya bi iska, amma gishirin ba ya tafiya. Ta wannan hanya ce mutanen Bilma a Jamhuriyar Nijar ke samun kantun gishirin da ayarin raƙuma ke kawowa ƙasar Hausa: rana ta ɗauke ruwa, gishiri ya rage. A Kaduna ƙafewar ta fi tsanani lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iska ke bushewa ƙwarai.

Alal misali, akwati mai lita 100 yana ɗauke da gishiri giram 3,500. In lita 10 ta ƙafe, wannan gishiri zai matsu cikin lita 90, wato kusan giram 39 ke nan a kowace lita. Kuskuren da sabon mai kiwo kan yi shi ne ya cike gurbin da ruwan gishiri, yana ganin ai kifin teku ne. Yin haka ƙara wa akwatin giram 350 ne, kuma duk lokacin da aka maimaita sai gishirin ya daɗa taruwa. Ƙa'idar ita ce: abin da ya tafi shi ake mayarwa, wato ruwa zalla marar gishiri.

Me ya sa kifi ke wahala?

Gishirin da ke jinin yawancin kifayen teku kusan kashi ɗaya ne cikin uku na wanda ke cikin ruwan da suke zaune. Shi kuwa ruwa, ɗabi'arsa ce ya ratsa fata mai laushi daga wurin da gishiri ya yi ƙaranci zuwa inda ya fi yawa. Saboda haka kifin teku kullum cikin asarar ruwan jiki yake. Domin ya rayu, sai ya riƙa shan ruwan teku, yana fitar da gishirin ta gaɓoɓin numfashin da ke gefen kansa, yana kuma taƙaita fitsari. Tarwaɗa da karfasa na Kogin Kaduna akasin haka suke yi: ruwa ne ke kutsawa jikinsu, su kuma suna fitar da shi da fitsari mai yawa. Idan gishirin akwati ya riƙa hawa da sauka, aikin ya yi wa kifi yawa, ya raunana, cuta ta sami hanya. Murjani da jatan lande sun ma fi kifi saurin jin jiki.

Yadda ake haɗa na'urar

Da farko a haɗa ruwan da gishirin teku na musamman, domin gishirin miya ba ya wadatarwa. A auna shi da ma'aunin kaurin ruwa har ya nuna kimanin 1.025, sannan a ja layi a jikin gilashi daidai inda ruwan ya tsaya.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta mazubin kaji. A cika kwalba da ruwa zalla, a kife ta yadda bakinta zai taɓa wannan layi. Muddin ruwan akwati ya rufe bakin, nauyin iskar waje ba zai bar ruwan kwalba ya zubo ba. Da zarar ya ja baya, iska ta shiga kwalbar, ruwa ya sauko har bakin ya sake rufewa.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙwallo. A ajiye jarka a sama da akwati, a jawo siririn tiyo zuwa mashigar da ƙwallon ke buɗewa in ruwa ya sauka, ya rufe in ya hau. Dabarar tsohuwa ce. Kitesibiyas na Iskandariyya ya yi amfani da irinta a agogon ruwa a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), 'ya'yan Musa bin Shakir uku kuma sun bayyana tukwane masu cika kansu a Bagadaza a ƙarni na 9 Miladiyya. Akwai na'urorin zamani masu ƙaramin famfon lantarki, sai dai hanyoyin nan biyu ba ruwansu da ɗaukewar wuta.

Abubuwan kiyayewa

Ƙwallon da mashigarsa su kasance na roba, domin jan ƙarfe da tagulla guba ne ga ƙananan halittun teku. A yi amfani da tataccen ruwa marar kilorin. A riƙa goge busasshen gishirin da ke taruwa a kan ƙwallon, don kada ya maƙale a buɗe. Haka kuma kada jarkar ta wuce ruwan 'yan kwanaki, ta yadda ko na'urar ta lalace, abin da zai kwarara ba zai tsinka gishirin akwati har ya kashe kifi ba.

Gwaji a makaranta

Malami ba ya buƙatar kifi kafin ya koyar da wannan darasi. Ɗalibai su narka gishiri giram 35 a ruwa lita ɗaya cikin kwano biyu, a sa wa ɗaya kifaffiyar kwalba, a bar ɗayan haka nan. Bayan mako guda a bakin taga, su auna zurfin ruwan kowanne, su lissafa gishirin da ke cikin kowace lita. Daga nan sai malami ya tambaye su: a jikin ɗan Adam, wace gaɓa ce ke yin aikin wannan kwalba, kuma me ya sa ƙishirwa ke kama wanda ya ci abinci mai gishiri?