'Yan Mazan Jiya A Ƙasar Dutse: Wa Ke Riƙe Da Sunayensu?

Duk ranar 15 ga Janairu, a Dutse kamar sauran manyan biranen jihohin ƙasar nan, akan taru domin tunawa da 'yan mazan jiya. A busa begila, a yi tsit na ɗan lokaci, manya su ajiye furanni, a saki fararen tattabaru. Juma'ar da ta gabaci ranar kuma a yi addu'a ta musamman ga waɗanda suka kwanta dama a fagen fama. A gefen fili za ka hangi dattawa cikin kaki, wasu da lambobi a ƙirji, wasu da sanda a hannu, suna ƙoƙarin ƙamewa yadda suka saba a zamanin ƙuruciya. Kafin azahar an watse. Kowa ya nufi tasha, wani Kiyawa, wani Jahun, wani Birnin Kudu ko Gwaram, sai kuma baɗi idan da rai.

Damuwarmu tana kan sauran kwanakin shekara. Mai karatu ya yi wannan gwaji: ya tambayi limamin masallacinsu ko mai unguwarsu, tsofaffin sojoji nawa ne a unguwar, mata nawa ne suka yi takabar soja, marayu nawa aka bari. Idan ya samu amsa da sunaye, unguwarsu ta ciri tuta. Mu dai inda muka tambaya, amsar ba ta wuce "akwai wani Baba Soja a bayan kasuwa" ba.

Wannan nisa da ke tsakanin jama'a da soja ya daɗe, kuma yana da dalili. Rundunar da ta zama tushen sojan Nijeriya ta faro ne a Legas a 1863, daga wasu Hausawa da Baturen nan Gulba ya tara. Dakarun da suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris, suka kuma yi artabu da Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, hafsoshinsu Turawa ne, amma masu riƙe da bindigogin 'yan ƙasa ne, da yawansu da Hausa suke magana. Malamai da iyayen wancan zamani ba su manta da haka ba. Shi ya sa kalmar "ɗan bariki" ba ta taɓa zama yabo a bakin Bahaushe ba, kuma gidan mutunci ya daɗe yana ganin shiga soja aikin wanda ya gagari iyayensa ne.

Duk da haka, da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi tsanani, daga cikinmu aka ɗebi mutane. A lokacin Dutse da Birnin Kudu da Gwaram da Jahun gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Kano, kuma ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai ake neman samarin da za su tafi. A 1943 aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka tsallaka da su teku zuwa Indiya, daga nan zuwa dazukan Bama domin yaƙar Japan. Sun yi fama a kwarin Kaladan da yankin Arakan, wasu suka shiga cikin dakarun Chindit da ake saukewa a bayan abokan gaba, kuma a watan Janairu na 1945 suka ƙwace garin Myohaung. Da suka dawo, Malam Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar Maraba da Soja. Har gobe barikokinmu na ɗauke da sunayen wuraren da suka zubar da jini: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Myohaung da Arakan da Dodan a Legas, Letmauk a Ibadan. Abin lura shi ne, sunayen ƙauyukan Bama sun tsira a jikin ƙofofin bariki, sunayen mutanen da suka je can kuwa sun bi iska. A maƙabartar Taukkyan da ke kusa da Yangon akwai bango mai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na sojojin da ba a san kabarinsu ba, ciki har da 'yan Afirka ta Yamma. Ko akwai wani gida a Kiyawa ko Miga da ya san cewa sunan kakansa na can? Waɗanda suka rasu a Yaƙin Duniya na Ɗaya ma abin nasu ya fi muni. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a tuna da su da suna ba, wasu ma ba a tuna da su ba ko kaɗan.

Bayan 'yan Bama sai na yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, wanda ƙarewarsa ce ta ba mu wannan rana ta 15 ga Janairu. Sai na Laberiya da Saliyo daga 1990, sai kuma na Arewa maso Gabas da dazukan Arewa maso Yamma, waɗanda gawarwakinsu da masu rauninsu ba su daina dawowa ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda aikin soja ke yanke mutum daga mahaifarsa. Yaro ya bar ƙauye yana ɗan shekara ashirin, ya yi shekara talatin ko talatin da biyar ana juya shi daga Inugu zuwa Jos, daga Jos zuwa Maiduguri. Iyaye su rasu yana bakin daga, a raba gado ba ya nan, gonar da ta faɗo masa wani ɗan'uwa ya yi shekara ashirin yana nomawa har ya ɗauke ta tasa. 'Ya'yansa a bariki aka haife su, Hausarsu ta gauraya da Turancin buroka, ba su san hanyar gidan kakansu ba. Idan ya yi ritaya, ko dai ya maƙale a bayan barikin da ya gama aiki domin kunyar komawa hannu rabbana, ko ya dawo ya zama baƙo a garin da aka binne cibiyarsa. Matar da mijinta ya faɗi a daga ta fi shi shiga uku, domin gidan bariki na mai aiki ne, kuma takardun neman haƙƙin mamaci ba abu ne da mace mai takaba za ta iya bi ita kaɗai daga ƙauye ba.

Ba a ce babu hukumomi ba. Akwai ƙungiyar 'yan mazan jiya ta ƙasa, wato Lijiyon, wadda doka ta kafa tun 1964, tana da rassa a jihohi, kuma 'ya'yanta ne muke gani cikin kaki suna gadin ma'aikatu da bankuna. Akwai cibiyar koya wa masu shirin ritaya sana'a a Oshodi. Akwai Hukumar Fanshon Soja, wadda, abin dariya abin takaici, ofishinta yana Dutse, amma Dutsen Alhaji ta Abuja. Duk waɗannan na gwamnati ne ko rabin na gwamnati, kuma zanga-zangar da tsofaffin sojoji suka sha yi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja cikin 'yan shekarun nan ta isa shaida cewa igiyar ba ta kai rijiya ba. Abin da muka rasa shi ne hannun al'umma kanta.

A nan ne misalin wasu mutane da ke nesa da mu zai yi amfani. A watan Maris na 1896 wasu Yahudawa da suka yi yaƙin basasar Amurka suka taru a birnin Niyok suka kafa ƙungiya. Abin da ya tunzura su shi ne yamaɗiɗin da ake yi cewa Yahudawa ba su yi wa ƙasar yaƙi ba. Ba su tsaya cacar baki ba, suka shiga tattara shaida: wane ne ya je, a wace runduna, ina ya faɗi. Ƙungiyar ce a yau ake kira Jewish War Veterans, tana cikin mafi daɗewa a irinta a Amurka. Tana da rassa gari-gari, tana da jami'an da aikinsu shi ne taya tsohon soja cike takardun neman haƙƙinsa, tana ziyartar marasa lafiya a asibitocin soja, tana kula da kaburbura, tana kuma da gidan tarihi a Washinton. A 1933 tana cikin na farko da suka fito titi suna kiran a ƙaurace wa kayan Jamus ta Hitila. A Ingila kuma akwai takwararta mai suna AJEX, wadda ke yin faretinta a Landan duk watan Nuwamba, tana kuma adana katunan da malaman addininsu na soja suka rubuta wa ɗaiɗaikun sojoji a lokacin yaƙi.

Mun san abin da zai zo a zuciyar mai karatu. Ƙungiyar ta Amurka ba ta ɓoye goyon bayanta ga Isra'ila, har ziyara take shirya wa shugabannin wasu ƙungiyoyin tsofaffin sojoji zuwa can, alhali zukatanmu na tare da Falasɗinawa kan abin da suke gani. Wannan saɓani yana nan daram, ba mu kawo misalin domin share shi ba. Abin da muke nunawa tsari ne: jama'a ta ɗauki tsohon sojanta a matsayin nauyinta, ta rubuta sunansa, ta bi masa haƙƙinsa, ta kuma tabbatar igiyar da ta ɗaure shi da mutanensa ba ta tsinke ba.

Ba ma sai mun yi aro ba, domin mu ke da asalin abin. Lokacin da dukiya ta yawaita a zamanin Sayyidina Umar (RA), abin da ya fara yi shi ne kafa diwani. Ya kira Aƙilu ɗan Abu Ɗalib da Makhrama ɗan Naufal da Jubairu ɗan Muɗ'im, masana nasabar Ƙuraishawa, ya sa suka rubuta mutane gida-gida, aka yanka wa kowa rabonsa na shekara gwargwadon gabatarsa, mutanen Badar dirhami dubu biyar-biyar. Imamul Bukhari ya kawo labarin wata matashiya da ta tare shi a kasuwa, mijinta ya rasu ya bar mata ƙananan yara, ba shuka ba dabba. Da ta ambaci sunan mahaifinta, Khufafu ɗan Ima'u Bagifare, wanda ya halarci Hudaibiyya, Umar bai nemi ƙarin shaida ba. Ya ɗora wa raƙumi buhu biyu na abinci, da kuɗi da tufafi, ya miƙa mata akalar. Da wani ya ce abin ya yi yawa, sai ya tuna masa yadda mahaifinta da ɗan'uwanta suka yi tsayuwar daka wajen cin wata ganuwa da Musulmi ke amfana da ita. Ba muna daidaita kurtun Bama da Sahabbai ba ne, Allah Ya tsare mu. Muna dai lura ne cewa abin da ya ceci matar nan a ranar shi ne an san sunan ubanta, an kuma san abin da ya yi.

Masarautar Dutse tana da abin da wurare da yawa ba su da shi. Kwamitin zakka na masarautar, wanda marigayi Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi, Allah Ya jiƙansa, ya tsaya masa tsawon sarautarsa, ya saba bin gundumomi yana karɓar hatsi da kuɗi da dabbobi yana rabawa a inda aka tara su. Ma'ana hanyar da ta taso daga fada ta bi ta hakimi da dagaci ta isa ga mai unguwa da liman a shimfiɗe take. Ita ce hanyar da aka bi aka ɗebi samari a 1943. Ba mu ga abin da zai hana a bi ta a nemo waɗanda suka dawo ba.

Sai dai a kiyaye hukunci. Zama tsohon soja kaɗai ba ya sa mutum cikin kashi takwas da Suratut Tauba ta ambata. Mai fansho mai isarsa ba shi da rabo. Wanda fanshonsa ba ya kai shi tsakiyar wata, ko bashin magani ya yi masa katutu, ko matar da aka bari da marayu, sun shiga ta ƙofar talauci ko ta bashi, kamar kowa. Sannan Lijiyon ba ta Musulmi kaɗai ba ce, akwai Kiristocin da suka kwana rami ɗaya da 'ya'yanmu, wasunsu a nan suka zauna. Malamanmu na Malikiyya ba su ba da zakkar farilla ga talakan da ba Musulmi ba, amma ƙofar sadaka da waƙafi a buɗe take. Alƙali Abu Yusuf ya ruwaito a Kitabul Kharaj cewa Umar ya ga wani tsoho Bayahude makaho yana bara, ya kama hannunsa ya kai shi gida ya ba shi abin da ya samu, sannan ya umarci ma'ajin baitulmali ya riƙa kula da shi da ire-irensa, ya kuma ɗauke musu jiziya.

Wani taimakon ma ba ya bukatar ko ƙwayar hatsi. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da ya iya waya zai iya zama da dattijo ya taya shi tantancewar fansho da yanzu ta koma intanet. Lauya ɗaya a kwamitin masallaci zai iya duba takardun matar mamaci kafin wa'adi ya wuce. Alƙali ko dagaci zai iya sasanta maganar gonar gado tun mai ita yana raye. Ɗaliban tarihi kuma su je da littafi da na'urar ɗaukar murya su rubuta sunan mutum da na mahaifinsa, ƙauyensu, lambarsa ta soja, shekarar da ya shiga, wuraren da ya yi yaƙi, da sunayen abokansa da ba su dawo ba, a ajiye kwafi a gidan hakimi, kwafi a ofishin Lijiyon. Wanda ya tafi Bama a 1943 yana ɗan shekara goma sha takwas, idan yana raye ya cika ɗari. Wanda ya shiga yaƙin basasa a 1967 yana ɗan ashirin, yau ya doshi tamanin.