Kilomita Nawa Kekenka Ke Yi a Shekara?

Idan ka zo asibiti aka ɗaura maka abin awon jini a hannu, wani lokaci ma'aikaci yakan tambaye ka, "Baba, da me ka zo?" Mutane da yawa sukan sunkuyar da kai su ce, "Keke ne kawai," kamar wanda aka kama da laifi. Kada ka ji kunya. Muna tambaya ne domin mu san yawan motsin da jikinka ke samu. Amsar takan taimake mu mu gane lafiyar zuciyarka tun kafin mu karanta awon.

Bari mu yi lissafi tare

Ɗauki manomi wanda gonarsa ke da nisan kilomita 4 daga gida. Zuwa da dawowa kilomita 8 ke nan. Daga shuka a watan Yuni har a kai amfani gida, a ce ya je gona kwana 130. Ya yi kilomita 1,040, ba tare da ya sani ba.

Mutumin nan yana cin kasuwa sau ɗaya a mako. A ce nisanta kilomita 15 ne, kamar tsakanin Garwa da Pitowa. Zuwa da dawowa 30. Idan ya je mako 50 a shekara, ya ƙara kilomita 1,500. Haɗa duka, ka samu 2,540. Ba mu sa zuwa suna da biki da gaisuwar mutuwa ba, ba mu sa kai niƙa ba, ba mu sa jigilar auduga zuwa wurin awo ba.

Tsakanin Garwa da Marwa ya ɗan haura kilomita 200. Ashe manomin nan ya yi tafiyar da ta kai zuwa Marwa da dawowa sau shida cikin shekara guda. Kewayen duniya duka kilomita 40,000 ne. Idan ya ci gaba a haka shekara 16, ya kewaye duniya a kan sirdin kekensa, alhali bai taɓa wuce Gidar ba.

Ɗalibin da makarantarsa ke da nisan kilomita 6, idan ya je kwana 170, shi ma ya haura 2,000.

Yanzu kai ma yi naka lissafin. Ina kake zuwa, sau nawa a mako, wata nawa a shekara?

Waɗanda ke hawa don nishaɗi

A Faransa da Ingila da Amurka akwai mutanen da suke da mota a gida, amma ranar hutu sai su bar ta su hau keke. Ba gona za su ba, ba kasuwa ba. Su fita da safe, su yi gumi, su komo inda suka tashi. Wasu sukan sayi keken da kuɗinsa ya fi na sabon babur. Sukan maƙala ƙaramar na'ura a kan keken tana ƙirga kilomita, ƙarshen shekara kowa ya faɗa wa abokansa nawa ya yi. Wanda ya kai 3,000 yakan ji daɗi, wanda ya kai 5,000 kuwa har da ɗan alfahari. A Holan, ƙasar da kekuna suka fi mutane yawa, idan aka raba tafiyar kowa da kowa, mutum ɗaya yana yin kusan kilomita 1,000 a shekara.

Masu tsere dabam suke, domin sana'arsu ce. A tseren Tour de France ana yin fiye da kilomita 3,000 cikin mako uku, kuma manyan 'yan tsere sukan yi wajen 30,000 a shekara. A nan Kamaru ma muna da namu tseren, Tour du Cameroun. Wannan ba abin koyi ba ne ga mai neman lafiya. Ba wanda ke bukatar haka.

Abin da muke so ka lura shi ne wannan: manomin da muka yi wa lissafi ya ninka mutumin Holan fiye da sau biyu, ya kusa kamo Baturen da ke jin daɗi don ya kai 3,000. Shi kuma a kan yashi da turɓaya yake tuƙi, da buhun masara a kariya. Abin da wasu ke saye da kuɗi mai yawa, kai kana samunsa a hanyar neman abinci.

Nawa ne ya isa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 kowane mako. Yaro kuwa awa ɗaya kowace rana. Motsin da ake nufi shi ne wanda numfashi zai ƙaru, jiki ya yi ɗumi, kana iya magana da abokin tafiya amma ba ka iya rera waƙa.

Minti 150 awa biyu da rabi ke nan. Mai tuƙi a natse a hanyar ƙauye yakan yi kamar kilomita 12 a awa. To, kilomita 30 a mako, wato kamar 1,500 a shekara, shi ne mafi ƙarancin abin da ake so, idan keke ne kaɗai motsinka. Noma da fartanya, daka, ɗebo ruwa da tafiya a ƙasa duk suna shiga lissafi.

Amma ga inda lissafin shekara ke ruɗin mutum. Jiki ba rumbu ba ne. Ba ya ajiye motsin damina ya ci da rani. Wanda ya sha wahala wata biyar, sannan ya zauna gindin bishiya wata bakwai yana shan shayi mai sukari, ƙarfin da zuciyarsa ta samu zai fara raguwa cikin 'yan makonni. Gara kaɗan kaɗan kowane mako da mai yawa lokaci guda.

Me keke ke yi wa jiki? Zuciya tsoka ce, aiki ke ƙarfafa ta. Idan cinyoyi suna juya feda, suna ƙone sukarin da ke cikin jini, jijiyoyin jini suna sakewa, hawan jini yana sauka, barci yana daɗi. Ga wanda gwiwa ke damunsa, keke ya fi gudu sauƙi, domin sirdi ne ke ɗauke da nauyin jiki.

Ranar da babur ya shigo gida

Wannan shi ne ainihin dalilin rubuta wannan ɗan littafi. Auduga ta yi kyau, ko albasa ta yi kuɗi, sai maigida ya sayi babur. Muna taya shi murna, domin babur yana ceton rai. Shi ke kawo mai naƙuda da wanda maciji ya sara cikin lokaci. Amma daga ranar nan keke ya koma bayan ɗaki, kaji suna kwana a kansa. Kilomita 2,500 ɗin nan sun ɓace daga jikin mutumin. Tuwon da yake ci bai ragu ba, wataƙila ma nama da mai da lemon kwalba sun ƙaru.

Shekara ta farko ba a ganin komai. Daga baya tumbi ya fito, mutane su ce hutu ya zo. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Mutum yana iya yawo da shi shekaru bai ji ciwon komai ba, sai wata safiya a tarar baki ya karkace, hannu da ƙafa sun mutu. Ciwon sukari shi ma a hankali yake shigowa: yawan ƙishirwa, yawan fitsari da dare, miki a ƙafa da ya ƙi warkewa. Waɗannan cututtuka ba a warkar da su da allura guda. Magani ne na kowace rana, kuɗi ne na kowane wata, har ƙarshen rai.

Ba mu ce ka sayar da babur ba. Ka bar shi don doguwar tafiya da gaggawa da kaya masu nauyi. Tafiyar da ba ta wuce kilomita biyar ba, ka ba keke. Kuma idan ka haura shekara 40, ka zo a auna jininka ko sau ɗaya a shekara, ko da kana jin ƙarau. Awon da ya kai 140 bisa 90, ko ya wuce, idan ya maimaitu, yana bukatar kulawa.

Idan ka daɗe ba ka hau ba, fara da minti goma, ka riƙa ƙarawa kowane mako. Wanda ke shan maganin sukari ya ci abinci kafin ya fita, ya sa dabino ko ƙwayar sukari a aljihu. Idan jiki ya ɗauki rawa, gumi mai sanyi ya karyo, ya tsaya ya ci. Wanda ya ji ƙirji ya ɗaure, ko numfashi ya sarƙe, ko jiri ya ɗebe shi, ya sauka nan take, a kawo shi asibiti. Kada ya ce bari ya ƙarasa.

Rana

A Garwa da kewaye, zafin Maris da Afrilu yakan wuce awo 40. A irin wannan lokaci mai tuƙa keke yana iya zubar da lita guda ta gumi cikin awa ɗaya. Ka fita da sassafe, ka dawo bayan la'asar. Ka ɗauki ruwa daga gida, ka riƙa kurɓa tun ƙishirwa ba ta kama ka ba. Dubi fitsarinka: idan ya yi kaɗan, ya yi ja kamar shayi, ruwan jikinka ya ragu. Mai azumi ya yi tafiyarsa da safe.

Kada zafi ya sa ka sha ruwan kududdufi, ko ka faɗa tafki don ka huce. A bakin Binuwai da tafkin Lagdo da fadamu akwai tsargiya. Ta fata take shiga, bayan makonni a ga jini a fitsari.

Idan ka tarar da mutum ya faɗi a hanya, jikinsa zafi rau, yana sambatu, rana ce ta buge shi. Ja shi inuwa, cire masa riga, jiƙa shi da ruwa, yi masa fifita. Idan yana cikin hayyacinsa ba shi ruwa kaɗan kaɗan. Idan ba ya ciki, kada ka ɗura masa komai a baki. A nemi abin hawa zuwa asibiti ana ci gaba da jiƙa shi.

Wasu samari suna haɗiyar tramol wai don kada su gaji. Ƙwayar ba ta ƙara ƙarfi. Tana ɓoye gajiya ne, kuma tana iya jefa mutum cikin farfaɗiya a tsakiyar titi. Bilbil a ranar kasuwa shi ma ya karya ƙafafu da yawa a hanyar komawa gida.

Tambayoyin da ake yi mana a ɓoye

Maza sukan jira sai kowa ya fita su tambaya ko keke na kawo gwaiwa. Tuƙi ba ya kawo ta. Rauni ne a bangon ciki, ɗaga buhu mai nauyi da yawan tari ke tura hanji ta wurin. Ana gyara ta da tiyata. Idan kumburin ya yi tauri, ya ƙi komawa, ga ciwo ga amai, kada a kwana a gida.

Wasu kuma suna jin gabansu ya yi sanyi kamar ya mutu bayan doguwar tafiya. Sirdi ne ke danne jijiya. Daidaita shi ya kwanta sosai, kada bakinsa ya ɗaga sama. Sa masa laushi, ka riƙa miƙewa a kan feda lokaci lokaci. Idan abin bai wuce ba cikin 'yan kwanaki, zo mu duba. Ciwon gwiwa kuwa galibi sirdi ne ya yi ƙasa. Zauna, ɗora diddige a kan feda lokacin da take can ƙasa. Idan ƙafarka ta miƙe, tsayin ya yi daidai.

Ke ma 'yar'uwa, keke ba ya hana haihuwa, ba ya ɓata budurwa. Idan ciki ya tsufa ne muke cewa ki haƙura, saboda tsoron faɗuwa.

Birki, fitila da ƙafar yaro

Manyan motocin da ke bin titin Ngaundere zuwa Garwa zuwa Marwa ba sa ganin keke marar fitila da dare. Sa fitila, sa riga mai haske, ka bi gefen dama. Birkin da ya mutu a gyara shi. Taka taya da silifa ba birki ba ne. Kuɗin mai gyara bai kai kuɗin ɗaurin karaya ba.

Raunin da ya fi ba mu tausayi shi ne na yaron da aka goya a kariya, ƙafarsa ta shiga cikin wayoyin taya. Daga waje yakan yi kamar ƙaramin ƙujewa, amma naman ciki ya murƙushe, bayan kwana biyu ko uku fata ta yi baƙi, wani lokaci ƙashi ma ya tsage. Sa wa yaro takalmi, ka ɗaura katako ko kwali mai kauri a gefen tayar baya. Idan abin ya faru, wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, rufe da tsumma mai tsabta, ka kawo shi ranar. Kada a sa toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, ko man birki. Ta nan ciwon sarƙewar haƙora ke shiga, wanda likitoci ke kira tetanus. Ku zo da katin rigakafin yaron.

Idan kana so ka san naka adadin, ba sai da na'ura ba. Duba agogon wayarka lokacin da ka hau da lokacin da ka sauka. Duk rabin awa, ja layi ɗaya da gawayi a bangon zaure. Layi biyar a mako sun cika minti 150. Kowane layi kamar kilomita 6 ne. Ranar da za ka zo awon jini, ƙirga layukan watan ka faɗa wa ma'aikaci, zai rubuta a katinka kusa da awon.