Waƙar Faransawa a Kunnen Ɗan Zango

Duk wanda ke hada-hada tsakanin Kasuwar Makola da Zongo Lane ya saba jin Faransanci, domin fatake daga Togo da Burkina Faso da Kwaddibuwa da Nijar ba sa yankewa a Accra. Amma Faransancin ciniki daban, na mawaƙa daban. Akwai wasu fayafayai da ake ɗaukar rubutattun waƙoƙin Faransawa a ɗora su a kan kiɗa mai sanyi, kuma ɗan Nima ko Maamobi yana da kunnen jin daɗinsu fiye da yadda yake zato.

Fitaccen mai wannan aiki shi ne Léo Ferré, haifaffen Monako, wanda ya rasu a 1993. A 1957 ya fitar da faifai na waƙoƙin Charles Baudelaire, shekara 100 cif da buga littafinsa Les Fleurs du mal, wanda kotu a Faransa ta soke waƙoƙi 6 daga cikinsa a 1857. A 1964 ya rera na Verlaine da Rimbaud, ya sake komawa kan Baudelaire a 1967.

Abin farko da ya kamata ku sani shi ne, a irin wannan faifai baiti ne sarki, kiɗa bafade. An rubuta waƙar tun kafin a ɗora mata kiɗa, don haka mai kiɗan ba shi da ikon ƙara gaɓa ko rage ta domin ta hau ganga. Yawancin baitocin Baudelaire suna tafiya a kan ɗango mai gaɓa 12, da ɗan numfashi a tsakiya. Ku kasa kunne ga wannan numfashin. Mawaƙin kirki yana tsayawa inda marubucin ya tsaya, fiyano ko goge kuma su cike gurbin a hankali, su ja da baya da zarar murya ta dawo. Idan kiɗan ya danne kalmomin har amsa-amo ya ɓace, aikin bai yi ba, komai zaƙin sautin.

Mu wannan ba baƙon abu ba ne. Marubutanmu galibi ba sa rubuta waƙa don a karanta ta a zuci, sai don a rera. Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya ta shiga gidaje ta bakin makafi masu rera ta, tun kafin da yawa su ga littafin. A nan Gana ma muna da Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna Salaga ya rasu a Kete-Krachi a 1934, mai Waƙar Talauci da Wadata. Kuma duk wanda ya kwana wurin Maulidi a Nima ya ji yadda Ishiriniya ke sa dattijo hawaye, alhali ba kowane ne a zauren ke fassara Larabcinta ba. Kari da rauji ne suka fara isar da saƙon, ma'ana ta biyo baya.

Wanda yake son farawa da abin da ya fi kusa da gida, ya nemi Léopold Sédar Senghor, shugaban Senegal na farko. Da Faransanci ya yi waƙoƙinsa, amma a saman da yawansu yakan rubuta kayan kiɗan da za a raka su da shi, kora ko balafon. Makaɗin kora Lamine Konté ya ɗauki waƙoƙinsa ya kaɗa musu.

Kada a saurari irin wannan faifai cikin hayaniyar trotro. A bari sai bayan Isha'i, a ji waƙa ɗaya sau biyu, sannan a samu maƙwabci ɗan Nijar ko ɗan Togo ya fassara baiti biyu ko uku, a sake kunnawa.