Zagwanyewar Ƙwayar Zarra da Auna Shekarun Kayan Tarihi

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda masana ke gane shekarun abin da aka tono daga ƙasa, alhali babu rubutu ko ruwayar baka da ta ambace shi. Tushen al'amarin kuwa yana cikin ƙwayar zarra.

Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya. Cibiyar wasu sinadarai a zaune take daram, ta wasu kuwa ba ta da natsuwa, sai ta fitar da wani tiriri marar ganuwa, ta rikiɗe ta zama wani sinadarin dabam. Wannan rikiɗa ita muka kira zagwanyewa. Henri Becquerel ne ya fara lura da ita a jikin yuraniyom, a birnin Faris, cikin 1896. Tiririn iri uku ne: alfa, wanda takarda ke tarewa, bita, wanda sai fallen alminiyom, da gama, wanda sai darma mai kauri ke rage masa ƙarfi.

Ba a iya faɗin ranar da cibiya guda za ta zagwanye. Amma idan ƙwayoyin suka taru da yawa, lokacin da rabinsu zai ƙare sananne ne, zafi ko sanyi ba sa sauya shi. Wannan shi ne rabin wa'adi. Na kabon-14 shekara 5,730 ne, wato bayan shekara 11,460 rubu'i ne zai saura.

Itace, muddin yana raye, yana shan kabon-14 daga iska. Da zarar an sare shi sai shan ya tsaya, zagwanyewa ta ci gaba. Ke nan, auna abin da ya saura shi ne ƙidaya shekarun mutuwarsa. Willard Libby na Jami'ar Chicago ya tabbatar da wannan hanya a 1949.

Misali na kusa shi ne kwalekwalen Dufuna ta Jihar Yobe, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya. Awo ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000.

Sai dai manazarci ya kiyaye abu biyu. Awon ba ya wuce kimanin shekara 50,000. Sannan shekarun itacen yake faɗi, ba ya faɗin harshen masassaƙin. Wanda ya ɗora tarihin wata al'umma a kan wannan adadi kaɗai, ya ɗora wa awon kayan da ba nasa ba.