Ganuwar Surame

A zamanin da, garin da ba shi da ganuwa ba ya barci da ido biyu rufe. Mahara na iya auka masa da asuba, su kore dabbobi, su kama mutane. Saboda haka duk sarkin da ya kafa birni, aikinsa na fari shi ne kewaye shi da ganuwa. A ƙasar Kabi kuwa ba ganuwar da ta kai ta Surame suna.

Muhammadu Kanta ne ya gina Surame. Da fari yana cikin mayaƙan Askiya Muhammadu, Sarkin Songhai. Wajen shekarar 1516, bayan sun komo daga yaƙin Agadas, sai suka saɓa a kan rabon ganima. Kanta ya san lalle Askiya zai biyo shi da runduna, don haka ya nemi wurin da zai yi wuyar ci. Ya zaɓi tudu a bakin fadamar Gulbin Rima. Da damina ruwa kan malale fadamar, doki ba ya iya ratsa ta, sai jirgi. Kabawa kuwa gwanayen ruwa ne.

Galibin ganuwoyin ƙasar Hausa, kamar ta Kano da ta Zariya, da ƙasa aka gina su. Amma ta Surame da duwatsu aka yi ta, aka jera su aka liƙe da yumɓu. Kuma ba ɗaya ba ce, wata na cikin wata, har in abokan gaba sun karya ta waje su tarad da wata a gabansu. Masu ba da labari sun ce Kanta ya kira mutanen ƙasashen da ya ci su zo aikin. Nufawa suka makara, sai ya hana su ruwa, ya ce su kwaɓa ƙasarsu da man kaɗanya.

An ce kuma Mai Ali na Barno ya taɓa kewaye birnin. Mayaƙan ciki sun yi kaɗan, sai suka jingina gawawwaki a kan ganuwa, kowace da baka a hannu, haƙora a waje. Da Barebari suka hango, suka zaci dakaru ne ke yi musu dariya, sai suka janye. Ashe dutse kaɗai ba ya tsare gari, sai da dabara.

Wajen shekarar 1700 Kabawa suka bar Surame suka koma Birnin Kebbi. A 1805 rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, daga baya Argungu ta zama babban birnin Kabawa. Daga 1849, lokacin da Yakubu Nabame ya ɗaga tutarsu, ba wanda ya ci Argungu da yaƙi har zuwan Turawa.

Yau Surame kufai ce cikin Jihar Sakkwato, arewa maso gabas da Argungu. Mai ziyara zai fi kyau ya fara da Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958, ya ga masu da takubba da tambura. Sa'an nan ya nufi Surame da rani, ya ga duwatsun nan a jere cikin daji bayan shekara 500. A 1964 gwamnati ta sa wurin cikin kayan tarihin ƙasa. Wanda ya je kada ya ɗauke ko da dutse ɗaya, domin in kowane baƙo ya tafi da guda, abin da ya gagari rundunar Barno zai ƙare a hannun 'yan kallo.

Tambayoyi

1. Me ya raba Kanta da Askiya?
2. Yaya fadama ta taimaki Surame?
3. Mene ne bambancin ganuwar Surame da ta Kano?