Kuɗin Kaya da Ladan Aiki: Lissafin Mai Gyaran Firji da Na'urar Sanyaya Ɗaki

Daga watan Maris zuwa Mayu, mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki a birni irin Kano ba ya zama. Zafi yakan kai digiri 40, ana ta kiransa daga wannan gida zuwa wancan. Da hunturu ya kankama a Disamba da Janairu sai shago ya yi tsit, alhali kuɗin haya da sallamar yaran shago da cefanen gida suna nan yadda suke. Yawancin masu wannan sana'a da suka durƙushe sun iya aikinsu. Abin da ya kayar da su shi ne kuɗi ba sa shigowa a lokacin da ake bukatar fitar da su.

Riba daban, kuɗi a hannu daban. A ce an kira shi wani gida, ya tarar kwamfuresa ta ƙone. Sabuwa da gas da sauran tarkace sun tashi naira 90,000, ladan aikinsa kuma 25,000. Ya saya da kuɗinsa, ya ɗaura, firji ya tashi. Maigidan ya miƙa masa 50,000, ya ce, "Malam, a yi mini haƙuri, ciko sai an yi albashi." A takarda ya ci ribar 25,000, amma aljihunsa ya ragu da 40,000, ban da man babur. Idan ya yi irin wannan sau uku a mako guda, 120,000 na jarinsa suna gidajen mutane. Aiki na huɗu zai zo, ya rasa kuɗin sayen kaya, ya bar wa wani.

Maganin farko shi ne kafin alƙalami, kuma ya zama ya ɗauke kuɗin kaya gaba ɗaya, ko mai gida ya je kasuwa ya sayo da kansa. Ladan aiki kaɗai ne ya kamata ya jira. A nan kunya take cutar da mutane da yawa, domin yana yi wa matashi nauyi ya ce da dattijon unguwa ya fara biya. Amma faɗin ƙa'ida cikin ladabi tun kafin a kwance ƙusa ɗaya ya fi sauƙi a kan sintirin bin bashi, wanda shi ne yake ɓata zumunci.

Idan kafin alƙalamin ya shigo kuma, ba nasa ba ne, amana ce. Wanda ya taɓa shi ya yi cefane, dole ya rufe gurbin da kuɗin wani gidan, haka zai yi ta yi har ranar da asiri zai tonu. Shi ya sa raba kuɗi gida uku yake da amfani: na kaya, na shago, da abin da zai yanka wa kansa duk mako kamar albashi, ko ciniki ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Buɗe asusu na biyu a OPay ko Moniepoint ba wuya, kuma duk abin da ya shiga ko ya fita yana rubuce a waya.

Farashi ma yana da wa'adi. Bayan sanarwar cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari. Kwamfuresa da gas daga waje ake shigo da su, dala suke bi. Wanda ya yanke farashi yau, aka kira shi bayan wata guda, yana iya yin aikin a kyauta bai sani ba. Ya dace ya faɗa tun farko cewa farashin na mako ɗaya ne, ya kuma sa kuɗin zuwa duba aiki a lissafi.

Sai batun kaka da rani na sana'ar. Kuɗin hayar shago na shekara daga cinikin bazara ya kamata ya fito, a riƙa ware wani kaso daga kowane aiki. Mai zuba adashe ya nemi kwasarsa ta faɗo a Fabrairu, ya sayi gas da kayan da aka fi nema kafin kasuwa ta ɗau zafi. A watannin sanyi kuma ya nemi shagunan magani da masu sayar da kifi da kaji daskararru, waɗanda firjinsu ba ya hutawa, su ƙulla yarjejeniyar duba kaya duk wata a kan kuɗi sananne. Ko da kuɗin ba su taka kara sun karya ba, sanin ranar da za su shigo yana ba shi damar riƙe yaransa har zafi ya dawo, maimakon ya sallame su a Disamba ya koma neman sababbi a Maris.