Yadda Ake Ƙiyasta Darajar Tsoffin Motocin Alfarma Na Amurka Kafin Su Faɗa Hannun 'Yan Gwangwan

A Idu, unguwar masana'antu da ke yammacin Abuja inda jirgin ƙasan Kaduna ke tashi tun Yulin 2016, ana hada-hadar ƙarfe iri-iri, sabo da tsoho. A irin wannan kasuwa, motar da ta daina tashi hukuncinta ɗaya ne: a ɗora ta a sikeli, a biya kuɗin nauyinta. Sai dai akwai wani rukunin motoci da wannan lissafi ke jawo wa mai su babbar asara. Su ne motocin alfarma masu ƙofa biyu da Amurka ta ƙera tsakanin shekarun 1950 da 1960, waɗanda masu tara tsoffin motoci a duniya ke rububin saye a yau.

Irin waɗannan motoci ba su taɓa yawa a Najeriya ba. Kafin 2 ga Afrilun 1972 a hannun hagu ake tuƙi, irin na Ingila, su kuwa motocin Amurka sitiyarinsu na hagu ne. Duk da haka manyan Jamhuriya ta Farko sun yi sha'awarsu, har Chinua Achebe ya ɗora ministansa, Cif Nanga, a kan Cadillac a littafinsa A Man of the People na 1966. Da aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna a 1975, gwamnatin soja kuma ta mayar da 504 motar hukuma, sai yayinsu ya wuce. Yau jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su ya haɗa da tsoffin motocin da suka zarce adadin shekarun da doka ta ƙayyade, kuma motar da ta shekara sittin ta yi wa wannan iyaka nisa. Saboda haka 'yan kaɗan da suka rage a garejin tsoffin gidaje, duk wadda aka yanka ta tafi ke nan.

Guda uku sun isa misali. Ta farko ita ce Continental Mark II ta kamfanin Ford, wadda aka ƙera a 1956 da 1957. Kimanin 3,000 kacal aka yi, ana sayar da kowace a kan kusan dala 10,000, farashin da ke gogayya da na Rolls-Royce a lokacin. Elvis Presley da Frank Sinatra na cikin waɗanda suka mallake ta. Ta biyu ita ce Cadillac Eldorado Seville ta 1959, mai dogayen fikafikai a baya, wadda aka ƙera guda 975, a kan dala 7,401. Ta uku ita ce Buick Riviera ta 1963, wadda aka tsara a ƙarƙashin jagorancin Bill Mitchell na General Motors, aka ƙera guda 40,000, farashinta bai kai rabin na Mark II ba.

Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma zai ɗauka cewa ƙarancin mota ne ke tsayar da kuɗinta. Kasuwa ta nuna akasin haka. A shekarar da aka yi Seville guda 975, an yi 'yar'uwarta mai buɗaɗɗen rufi, Eldorado Biarritz, guda 1,320, kuma farashinsu ɗaya a lokacin. Yau a wuraren gwanjo irin su Mecum da Barrett-Jackson da RM Sotheby's, Biarritz ce ke yi wa Seville fintinkau, domin masu saye sun fi son rufin da ke naɗewa. Mark II kuma tsadar gyara ce ke ja mata baya: kayanta da dama nata ne ita kaɗai, kuma sau da yawa kuɗin farfaɗo da wadda ta lalace kan zarce abin da za a samu in an sayar. Riviera ta fi su araha, amma ta fi su sauƙin riƙewa, tunda ana samun kayan gyaranta.

Abin da masu ƙiyasi ke fara dubawa shi ne lafiyar motar. Kamfanin inshora na Hagerty, wanda jadawalinsa ya zama ma'auni a wannan harka, ya kasa motoci aji huɗu, daga wadda ta isa shiga gasar baje koli zuwa wadda ke tafiya da lahani a bayyane. Mota iri ɗaya, shekara ɗaya, tana iya ninka 'yar'uwarta kuɗi saboda bambancin aji. Sai asali: shin lambar inji ta dace da abin da kamfani ya rubuta wa wannan shasi? A nan ne dabarar makanikanmu kan zama illa. Bakanike a Apo ko Panteka ta Kaduna zai iya cire injin V8 mai shan mai ya dasa na Toyota, motar ta tashi lafiya lau, amma a idon mai tara motoci an riga an zubar da mafi yawan darajarta. Haka ma sauya launin fenti ko yage fatar kujeru ta asali.

Yanayi ma na da nasa tasiri. Amurkawa na fifita motar da ta zauna a busassun jihohi irin Arizona, domin tsatsa ba ta cin ƙasanta. Motar da ta shekara a rumfa a Katsina ko Sakkwato na da irin wannan sa'a, ko da yake rana na farfasa roba da fata. Wadda aka bari a fili a Abuja kuwa, damina daga Afrilu zuwa Oktoba ta ishe ta ruɓewa daga ƙasa.

Ma'auni na ƙarshe shi ne tarihi, kuma shi ne ya fi shafar ma'aikatan gwamnati. Mercedes-Benz ɗin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana ajiye a Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, Legas. Irinta da yawa sun zama tukwane da rodi. Ita an san wanda ya shige ta da abin da ya faru a cikinta. Takardar saye, takardar kwastam, tsohuwar lambar rajista, littafin da direba ke rubuta tafiye-tafiye, hoton mai ita a jikinta, su ne shaidar da mai saye ke biya dominta. Galibinsu kuwa a hannun magatakarda da jami'an sufuri da hadiman manya suke, kuma su ake fara zubarwa idan an zo kwashe ofis ko rabon gado.

Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta tanadi a ƙiyasta kadarar hukuma kafin a rabu da ita. Jami'in da aka ɗora wa wannan aiki, ko hadimin da iyalan maigidansa suka ce ya nemo mai sayen "tsohuwar motar Baba", aikinsa na farko shi ne ya rubuta lambar shasi da ta inji, ya ɗauki hotuna, ya tattara takardu a fayil ɗaya, ya hana a cire ko da madubi, sannan ya nemi wanda ya san kasuwar. Mai yiwuwa binciken ya nuna cewa motar gama-gari ce, sikeli ne makomarta. In kuwa ta fito ɗaya daga cikin 975 ɗin nan, bincike na kwana kaɗan ya ceto wa magada ko baitulmali dukiyar da ta ninka kuɗin ƙarfenta sau da yawa.